Mun je gidan cin kaji na kamfani mu shida, ga abin da na gani

Tun farkon zangon karatu babban yarona ya sa na yi masa alƙawari, wai in ya shigo cikin biyar na farko a ajinsu zan kai su gidan cin kajin nan na zamani, irin masu gilashi da sanyin esi da rassa a kowane babban gari. Allah cikin ikonsa yaro ya zo na uku, toh alƙawari kaya ne, ranar Asabar bayan la'asar muka shirya muka fita daga Badarawa mu shida, ni da Abbansu da yara uku da Hajiya surukata da ta zo daga Zariya ganin likita. Ba zan kama sunan wajen ba, don ma'aikatan yara ne matasa masu neman na kansu kuma ba na so maganata ta ja wa wani faɗa a wajen aiki, amma duk wanda ya taɓa shiga irin gidajen nan a cikin garin Kaduna zai gane abin da nake faɗa.

Ni dama ina da soyayyar irin wuraren nan tun ina yarinya. Lokacinmu Mr Bigg's ake yayi, wanda kamfanin UAC ya fara a Legas a 1986, kuma in aka ce ranar yawon sallah an saya maka mitfai ɗinsu guda ɗaya toh sai ka yi sati kana ba da labari a makaranta. Daga baya ne su Chicken Republic suka fito a 2004, KFC ta shigo Najeriya a 2009, masu fiza na Domino's suka biyo baya a 2012, yanzu kam yaranmu sun taso sun tarar da abin ya zama ruwan dare. Na faɗi wannan ne don kar a ce dama can ba na son abincin waje, wallahi da zumuɗina na je.

Abin da ya fara burge ni tsabta. Tayil ɗin ƙasa har sheƙi yake, ga wata yarinya da tsumma a hannu da zarar mutane sun tashi ta goge tebur, ga wajen wanke hannu da ruwa yana zuwa da sabulu, kuma na kai auta banɗaki na same shi tas babu wari. Uwa mai fita da ƙananan yara ta san darajar wannan, don sau nawa muke fasa tsayawa cin abinci a waje saboda tunanin inda yaro zai kama ruwa. A nan kam ban ga abin kushewa ba ko kaɗan.

A wajen biya aka fara samun tangarɗa. A allon da ke sama akwai hoton abin da suke kira ƙunshin iyali, kaza yanka takwas, shinkafa roba huɗu, soyayyen dankalin turawa biyu, haɗin kabeji da lemo babbar roba, an rubuta ya ishi mutum huɗu zuwa shida. Yara na son shinkafar nan mai koren wake da karas, aka ce ta ƙare sai jalof, muka ce toh a ba mu. Kuɗi ya kama N29,000 da 'yan kai har da harajin VAT ɗin nan na kashi 7.5 da ake gani a ƙasan rasit. Abbansu ya miƙa kati, na'urar POS ta ƙi, aka sake ta ƙi, aka ce ya yi tiransfa, ya yi, kuɗi ya fita a wajenmu amma bai shiga wajensu ba, haka muka tsaya kusan minti ashirin ga layi a bayanmu ga yara sai haɗiyar yawu suke. Wannan ba laifinsu ba ne kacokan, matsalar netwok ce da ta addabi kowa, amma da sun ba mu waje mun zauna sun ce za su kira mu da ya fi a bar dattijuwa a tsaye. Ni na jawo wa Hajiya kujera da kaina.

Muna tsayen ne Hajiya ta matso ta ce da yarinyar da ke kanta, 'yar nan wa ke yanka muku kajin? Yarinyar ta yi murmushi ta ce Mama a daskare ake kawo mana su, bari na kira manaja. Manajan ya fito da ladabinsa har da rusunawa ya ce Hajiya ki kwantar da hankalinki yankan Musulunci ne. Mun karɓi maganarsa mun yi bismilla, amma a raina na ce me zai hana su liƙa takardar shaida a bango inda kowa zai gani, a gari irin Kaduna wannan tambayar ba Hajiya kaɗai ke da ita ba, da yawa kunya ce ke hana su yi.

Sai abinci ya zo. Kazar dai gaskiya ta yi. Da zafinta aka kawo, fatar ta soyu ƙarau kana gutsura kana jin ƙararta, barkono da gishiri sun shiga har ciki ba a fata kawai suka tsaya ba, kuma na ɓare cinya har ƙashi ban ga jini ba, wanda shi ne abin da ya fi ɓata min rai a kazar waje. Mai bai yi tsamin nan na man da aka daɗe ana suya da shi ba. Yara ko magana ba sa yi, 'yar tsakiyata har ɓurɓushin fulawar da ya zuba a roba take dangwalowa da yatsa. Sai dai naman taushi ne zalla, Hajiya ta tauna ta tauna ta ce kazar nan ba ta yi yawo ba. Kuma gaskiyarta, kazar gidan gona ce da ake yankawa tana sati shida zuwa takwas, ita kuwa kazar Hausa sai ta yi wata biyar wata shida tana tono a tsakar gida kafin ta isa yanka, shi ya sa namanta ke da ƙarfi da garɗi kuma ƙashinta ke da daɗin tauna. Ba na raina ta gidan gona, mu nan jihar ma muna cin arzikinta, ga katafaren kamfanin ƙyanƙyasa da abincin kaji na Olam a Chikun kan hanyar Abuja da aka buɗe a 2017, mata nawa a unguwarmu ke kiwon 'yan tsaki hamsin ɗari a bayan ɗaki suna rufa wa kansu asiri. Kawai dai wanda ya taso da farfesun kazar gida bakinsa zai faɗa masa bambanci.

Shinkafar ce ta ba ni haushi. Ja jawur a ido kamar abin kirki, amma ka kai baki ba ka jin komai sai tumatirin gwangwani da kori da magi, babu ƙamshin albasa da ta soyu, babu attaruhu, balle a yi maganar daddawa, kuma ta saman robar ta bushe alamar ta jima a cikin gilashin nan mai fitila. Robar ma ƙarama ce, cokali goma sha wani abu ka ga ƙasa. Dankalin yana da daɗi minti biyar na farko, yana hucewa a cikin sanyin esi ya koma lagwaf, kuma abin ya ba ni mamaki ga Jos nan kusa da mu inda dankalin turawa yake kamar ƙasa amma a ce ɗan wannan za a ba mutum shida. Haɗin kabejin sukari ya yi masa yawa, yara sun so shi, ni ban iya ba.

Na tambayi yaji aka miƙo min tumatirin leda mai zaƙi guda uku. Ashe Hajiya da shirinta ta zo, ta buɗe jaka ta ciro ƙullin yajinta a farar leda, irin wanda take dakawa da kanta da ƙuli da citta 'yar Kachia da masoro da kanumfari, ta kwance a tsakiyar tebur ta ce ku dangwala. Wallahi kazar sai ta zama wata aba daban. Wani bawan Allah a teburin kusa da mu ya leƙo ya ce Hajiya a sammana mana, ta zuba masa a murfin roba tana ta sa masa albarka. Ni ina ga in masu gidajen nan na son kama zuciyar mutanen Arewa toh su ajiye yaji mai kyau a kanta kamar yadda kowane mai tsire ke yi, ba wani kuɗi zai ci musu ba.

Akwai abin da ya tsaya min a rai wanda ba na ɗanɗano ba ne. A gida in an yanka kaza kowa ya san rabonsa, ƙundu na maigida ne, Hajiya wuya da fiffike take so, yara a tire ɗaya suke ci babba ya raba nama kuma ba ya ɗauka sai ƙannensa sun ɗauka, a nan suke koyon haƙuri da kawaici ba tare da an zaunar da su an yi musu wa'azi ba. A can kuwa kowa da robarsa da cokalin robarsa, babu ƙundu babu hanta babu wuya, cinya biyu ce kacal a cikin yanka takwas ɗin sai ga yarana da ba sa faɗa a kan nama suna ja-in-ja a kanta a gaban mutane. Ga talabijin a bango an ƙure ƙara ana ƙwallo, hankalin Abbansu da na babban yaron duk ya tafi can, na yi magana sau biyu ba wanda ya ji ni. Mun fita ne don mu zauna tare amma hirar da muke yi a kan tabarma da daddare ta fi wadda muka yi a can nesa ba kusa ba.

Magariba ta riske mu a wajen. Abbansu da yaron suka tsallaka masallacin wani gidan mai da ke kusa, ni da Hajiya da 'yan matan ba inda za mu yi, na tambaya aka ce babu. Ɗan lungu da darduma biyu da buta ai ba zai gagare su ba, ganin yawancin masu kawo yara da yamma mata ne. Dole muka tattara a gurguje, ayis kirim ɗin da aka ƙara wa yara a mota suka ƙarasa shi.

Maganar ya ishi mutum shida kuwa ba haka ba ne, in an matsa ya ishi babba biyu da ƙananan yara biyu. Ana idar da isha'i babban yaron ya leƙo kicin ya ce Umma akwai sauran tuwon jiya? Na ɗumama musu tuwon shinkafa da miyar kuka na zuba man shanu, su ukun suka zauna suka cinye tas, Hajiya ma ta sa hannu. Na zauna na yi lissafi, kuɗin da muka kashe in na shiga kasuwar Kawo da shi zan sayi kaza biyu manya da mudun shinkafa biyu da mai da kayan miya, mu ci rana mu ci dare har a miƙa wa maƙwabta. Amma kuma in za a yi adalci ba abinci kaɗai mutum ke biya ba, akwai haya da albashin ma'aikata da man janareta da ke ruri tun safe har dare, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu abin da bai tashi ba, mai masar unguwarmu ma ta rage girman masarta. Sannan ranar ban tsaya a gaban murhu ba, ban wanke tukunya ko ɗaya ba sai ta ɗumame, wannan hutun ma wani abu ne ga macen da ke girki sau uku kullum.

Bayan sati biyu na sake gwadawa ta wata hanyar. Na dawo daga cikin gari wajen ƙarfe uku na rana ranar Laraba, na tsaya na sayi kaza zalla yanka shida da kuɗi a hannu, ba layi ba jiran netwok, kuma lokacin aka kwashe ta daga mai. Na roƙi yarinyar ta sa min cinyoyi da yawa ta sa min huɗu ba musu. Robar ɗauka ma sai da na biya kuɗinta daban, ku sani. A keke napep na ɗan ɗaga murfin don in aka rufe ruf tururi na jiƙa fatar ta yi laushi kafin a isa gida. Na dafa dafa-dukata da daddawa da busasshen kifi da alayyahu, na juye a babban tire na jera kazar a kai, ga yajin da Hajiya ta bar mana a kwalba, ga zoɓo mai sanyi da citta. Kuɗin bai kai rabin na ranar farko ba kuma kowa ya ƙoshi har aka rage wa almajirinmu.

In maki zan ba su, kaza takwas cikin goma, tsabta tara, ladabin ma'aikata bakwai, shinkafa kam huɗu ma na yi kara. Zan koma don kazar, kuma zan iya kai yara su zauna su sha ayis kirim sau ɗaya a zango in Allah ya hore, amma ƙunshin iyalin nan ba zan sake saya ba. Yanzu haka 'yar tsakiyar ta sa ni gaba ita ma sai na yi mata alƙawarin zango mai zuwa, na ce mata na ji, kaza daga can shinkafa daga gida, ta ce toh Umma amma a ƙara da dankalin, kuma cinya tata ce.