Sitiyarin kayak na kamun kifi: wanne za ka saya, wanne za ka bari a shago

Duk wanda ya taɓa tuƙa kayak, wato ƙaramin siririn kwale-kwale, a buɗaɗɗen ruwa ranar da iska ke bugowa ta gefe ya san halinsa: kai ka nufi wani wuri, hancin jirgin kuma sai karkata yake yi zuwa inda iskar ke fitowa. Idan jirgi na tafiya, ruwan da hancin ke tsagawa yana riƙe shi hagu da dama, shi kuwa bayan jirgin yana cikin ruwan da aka riga aka dama, babu abin da ya tokare shi. Sai iska ta ture bayan, hancin ya juyo ya fuskance ta. Kayak na masu fatsa ya fi kowanne shan wannan wahala, domin kujerarsa na da tudu, ga akwatin kaya a baya, ga sandunan fatsa a tsaitsaye, ko'ina iska na samun abin kamawa. Nan ne amfanin sitiyarin baya, wato siririn allon da ake saukarwa cikin ruwa a wutsiyar jirgi don ya hana bayan zamewa. Yin kwana aikinsa na biyu ne.

Ba kowane jirgi ne ke buƙatarsa ba. Kayak mai tsawon ƙafa 10, kimanin mita 3, da ake shiga ƙaramin tafki ko siririn rafi da shi, filafili kaɗai ya ishe shi, kuma kuɗin sitiyari gara a sa su a rigar ceto mai kyau. Daga ƙafa 12 zuwa 14, musamman a ruwa mai faɗi, lissafin ya canza, domin gyara hanya da filafili ta gefe ɗaya tun safe har azahar yana cinye kafaɗa. Shi kuwa kayak mai feda, wato wanda ake tuƙawa da ƙafa, irin wanda kamfanin Hobie na Kalifoniya ya fito da shi a 1997 da tsarinsa na MirageDrive, ba ya tuƙuwa sai da sitiyari, don haka da shi ake sayar da shi. A riƙe abu ɗaya: allon ba ya aiki sai ruwa na gudana a jikinsa. In jirgi na tsaye cak a kwantaccen ruwa, ko ka karya matakin ƙafar da ke juya allon, jirgin ba zai juya ba.

Akwai wani allon da ake rikita shi da sitiyari, wanda ke sauka ƙasa ya hau sama kawai, ba ya juyawa hagu ko dama. Kayansa kaɗan ne, lalacewarsa ma kaɗan ce, kuma yana taimaka wa jirgi ya miƙe. Amma mai fatsa hannayensa biyu na kan sanda da zare, yana so ya bi gefen ciyawa yayin da iska ke tura shi a hankali, yana gyara hancin jirgi da ƙafa. Wannan sai allo mai juyawa, kuma ni a ganina shi ya kamata mai kamun kifi ya nema.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi jirgin da aka ɗaura masa sitiyari tun daga masana'anta, kamar Sea Ghost na kamfanin Vibe. In an riga an mallaki jirgi, sai a duba wutsiyarsa da kyau. Jirage da dama na Wilderness Systems, Perception da Ocean Kayak suna fitowa da gurbin sitiyari a shirye: ramin da sandar allo za ta shiga ko mazaunin noti da aka dasa cikin roba, wani lokaci har da bututun da waya za ta bi. Mai irin wannan jirgi ya sayi kayan da kamfanin ya yi wa samfurin nasa, ko da sun fi tsada. Ramuka za su hau kan ramuka, tsawon waya zai yi daidai, aikin yini guda ya koma na 'yan sa'o'i.

Sai kayan da ake cewa suna hawa kowane jirgi. Wannan magana ta 'yan kasuwa ce, a ɗauke ta da taka-tsantsan. Masu kyau a cikinsu, irin na SmartTrack da Sea-Lect Designs, suna zuwa da mazauni iri-iri, mai doguwar sanda, mai gajeriya, da wanda ake ɗaurewa a bangon baya, kuma dole ka auna wutsiyar jirginka kafin ka zaɓa. Masu arha da ke cike a shagunan intanet babu suna, allon nasu ba laifi, matsalar tana ƙananan kaya: noti mai tsatsa, igiya mai miƙewa, matakin ƙafa mai lanƙwashewa in an taka da ƙarfi. Wanda ya sayi irin wannan ya sa a ransa cewa zai canza rabin kayan da ke cikin ledar.

Inda na fi so mai saye ya tsaya ya yi tunani shi ne wurin ƙafa, domin nan ne bambancin ke fitowa a jiki. Tsohon tsari shi ne matakin ƙafa gaba ɗaya yana zamewa gaba da baya a kan layinsa: ka tura ƙafar dama jirgi ya yi dama, matakin hagu ya dawo baya. Yana da arha kuma ba ya da wuyar haɗawa. Aibinsa shi ne ƙafarka ta rasa wurin tokarewa. Mai tuƙi da filafili ƙarfinsa daga ƙafa yake tasowa, kuma ranar da giwan ruwa ya ja zare kana neman inda za ka dafe, sai matakin ya gudu, jirgin ya yi kwanar da ba ka nema ba. Sabon tsari ya raba aikin biyu: ƙasan matakin a kafe yake, tafin ƙafa na tokare da shi, sai ɗan sama ne ke lotsawa da yatsu kamar totur ɗin mota. Ya fi tsada, kuma in kuɗin bai isa komai ba, gara a rage a wani wuri a sayi wannan. Jirage masu feda, tun da ƙafafu na kan aiki, da hannu ake juya su, da ɗan mariƙi a gefen kujera. Abin dubawa a nan shi ne ko mariƙin yana ɓangaren hannun da ba ka riƙe sanda da shi.

Tsakanin mataki da allo akwai waya ko igiya. Wayar ƙarfe marar tsatsa ba ta miƙewa, in ka saita ta ka saita, amma in ta fara tsintsinkewa sai ta soki yatsa, kuma gyaranta na buƙatar abin matse bakin waya. Igiyar Dyneema ko Spectra tana da ƙarfi sosai, ruwan gishiri bai dame ta ba, kuma in ta tsinke ƙulli ɗaya ya mayar da kai gida. Takan ɗan saki a makonnin farko, tana da santsi, sai an yi mata ƙulli mai kyau an riƙa dubawa. Ga wanda ya shigo da kayak inda babu shagon kayan gyaransa, igiya ta fi kwanciyar hankali. Igiyar nailan ta kasuwa kuwa a bar ta, domin tana miƙewa, in ta jiƙe abin ya ƙaru, sai ka taka mataki allo bai motsa ba.

Wurin da allon yake zama shi ma abin lura ne. Wanda ke rataye a wutsiya ana jawo shi da igiya ya kwanta a saman jirgi, kuma mai kyau yakan ɗaga da kansa in ya bugi wani abu. Wanda ke ƙarƙashin jirgi, irin na Pro Angler na Hobie, ba ya fita daga ruwa ko da igiyar ruwa ta ɗaga bayan, kuma zaren fatsa ba ya yawan sarƙewa a jikinsa, sai dai ciyawa in ta naɗe shi ba ka ganinta. Wanda zai shiga ruwa irin Tafkin Volta na Gana, inda kututturen itatuwan da ruwa ya shanye bayan gina madatsar Akosombo ke tsaye a ƙarƙashi, ko Kainji da Tiga inda masunta ke shimfiɗa kalli, wato ragar kamun kifi, kada ya yarda da allon da ba ya ɗagawa. Kallin mutum abincinsa ne, ka ɗaga allonka tun kafin ka isa kansa.

Gyaran da aka fi yi bayan saye shi ne sa babban allo. Masu Hobie da yawa sukan sauya na asali da babban allon da kamfanin ya yi don tafiya da filafilan iska, wato ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi, masu Native Watercraft kuma sukan sayi na BerleyPro, wani kamfanin Ostareliya. Babban allo yana kama ruwa ko a tafiyar hankali, kwana ta matse. Amma yana ƙara nauyin ja, yana ƙara wa igiya da mazauni wahala, kuma ya fi saurin taɓa ƙasa. A wasu jiragen Hobie an yi sandar da ke riƙe allo da roba da gangan, don ita ta karye maimakon jikin jirgi ya tsage. Kada wani ya ba ka shawarar sauya ta da ƙusar ƙarfe. Ka sayi biyu ko uku ka ajiye a jirgi.

Wajen ɗaurawa, a daidaita allo ya miƙe sak, a manne shi da salatif, a jera matakai biyu daidai da juna, sannan a ɗaure igiyoyin. Wanda ya fara ɗaure igiya kafin wannan zai samu jirgi mai janyewa gefe ɗaya. Bututun igiya ya bi hanya miƙaƙƙiya gwargwadon iko, domin kowace lanƙwasa tauri take ƙarawa. Robar da ake yin waɗannan jirage da ita gam ba ya kama ta sosai, saboda haka noti da washa ne ke riƙe kaya, abin toshe rami kuma ruwa kawai yake tarewa. Inda hannu zai kai ta ciki, a sa faffaɗan washa ko ɗan faranti a baya, kuma notin ya zama na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316 in za a shiga ruwan gishiri. Duk ramin da za a huda ya kasance sama da inda ruwa ke tsayawa in an loda jirgi.

Mai shirin sa injin lantarki nan gaba ya faɗa wa kansa gaskiya tun yanzu. Injinan baya irin na Torqeedo sukan zauna a gurbin sitiyarin ne, su ne kuma ke juya jirgin ta igiyoyin ƙafa, yayin da na Bixpy ana iya ɗaura shi a jikin sitiyari. In injin baya ne a ranka, sa kuɗinka a matakan ƙafa masu kyau da bututu, domin su za su ci gaba da aiki bayan an cire allon.