Kunshin kartar mutum ɗaya: kyallen ya yi, takardar bayanin ce ta ɓata min rai

Idona ne ya gaji da hasken waya, shi ya sa na yi odar wannan kunshin: karta kwali biyu, kyallen shimfiɗa mai zanen gurabe, da 'yar takarda mai nuna yadda ake jera wasannin da mutum ke yi shi kaɗai. Kuɗin dai ba kaɗan ba ne. Da kayan suka iso na ji daɗi, don kartar tana da santsi daidai, ba ta manne wa juna ko hannu da gumi.

Da Klondike na fara, wanda yawancinmu a kwamfutar ofis muka san shi, tunda Microsoft ta sa shi cikin Windows 3.0 tun 1990. A can na'ura ce ke jera maka, ba ka ma lura da tsarin. Takardar ta kawo shi daidai: layi bakwai, na farko karta ɗaya, na biyu biyu, har na bakwai mai bakwai, jimilla 28, ta saman kowane layi a buɗe, sauran a kife. Ragowar 24 a gefe, gurabe huɗu a sama na tara kowane iri daga A zuwa K. A nan ba ni da ƙorafi, har na fara cewa kuɗina ya halatta.

Spider ne ya kawo matsala, kuma saboda shi na zaɓi mai kwali biyu, domin karta 104 ake yin sa da ita. Takardar ta zana layi goma, kowanne karta biyar, ragowar kartar a gefe a matsayin ajiya. Na jera haka, na zauna na shiga wasa sosai. Duk lokacin da hanya ta toshe sai ka raba goma daga ajiya, ɗaya kan kowane layi. Wasa ya yi nisa, shayina ya huce ban sani ba, na kammala wasu jeri daga K zuwa A na kawar da su, ina ganin alamar nasara. Na yi rabo na ƙarshe, sai ga karta huɗu a hannuna ba su da wurin zuwa. Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauka kamfani ne ya zuba ƙari a kwali, na rushe komai na ƙirga, 104 cif, ba ƙari ba ragi. Ashe zanen ne ba daidai ba. A Spider layi huɗu na farko shida-shida suke ɗauka, sauran shidan biyar-biyar, ya zama 54 a ƙasa, 50 a ajiya, rabo biyar na goma-goma ya ƙare tas. Huɗun da suka rage min tun farko ya kamata a ce suna kife a ƙasan layukan hagu. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, don yawan kartar da ke ɓoye shi ne ke sa wasan wuya ko sauƙi. Duk wahalar da na sha a daren nan a kan wasan da ba shi ba na sha ta. Lissafin da ɗan firamare zai iya, a ce an buga shi an sayar ba wanda ya gwada ko sau ɗaya?

Shi ma kyallen da nake yabo a nan ya nuna gazawarsa. Gurabe takwas ne a jere. Faɗin irin wannan kartar ya ɗan haura santimita 6, layi goma sai sun ci fiye da santimita 63 ko da an matse su, don haka layi biyu a kan tabarma suka kwanta, suna zamewa duk sanda na taɓa. Alhali hoton Spider ne ɓaro-ɓaro a bayan kwalin.

Gaskiya FreeCell ya ɗan sanyaya min zuciya. Kai ka ce don shi aka ɗinka kyallen. Layi takwas, huɗu na farko bakwai-bakwai, huɗu na ƙarshe shida-shida, duka a buɗe, ga gurabe huɗu na ajiyar wucin gadi a hagu, huɗu na tarawa a dama. Paul Alfille ne ya tsara shi a kwamfuta a 1978, kuma cikin rabo 32,000 na farko da Microsoft ta saka a nata FreeCell na kwamfuta, mai lamba 11982 ne kaɗai aka tabbatar ba ya ciwuwa. Wato idan ka faɗi, kusan kullum tunaninka ne bai kai ba. Yin sa da hannu ya fi min daɗi nesa ba kusa ba, don ba maɓallin komawa baya, dole ka yi nazari kafin ka ɗaga karta. Saboda shi na so in ba kayan tauraro huɗu.

To amma da na zo Pyramid haushin ya dawo. An zana dalar daidai, hawa bakwai, karta 28, an ce a haɗa biyu-biyu su ba da 13. Ba a faɗi cewa J 11 ce, Q 12, K kuma 13 ita kaɗai ake ɗauke ta ba. Wanda Whot kawai ya sani ta ina zai gane wannan?

Na ɗauki hoton shafin Spider na tura wa mai sayarwar, na yi masa lissafin dalla-dalla. Amsarsa ita ce, "Alhaji, ai haka kaya suka zo, ba wanda ya taɓa ƙorafi." Ban nemi a mayar min da kuɗi ba, cewa na yi ya sanar da masu saye ko ya liƙa gyara a takardar. Ya karanta, bai sake cewa uffan ba, kuma har yau tallar tana nan da hoton Spider a gaba. Tauraro biyu na ba shi. Na sa biro na gyara tawa takardar, Spider kuwa yanzu a kan teburin cin abinci nake jera shi.