Kwalbar elektron mai naɗin Helmholtz: nuni ya yi, awo da saura

Kwalba ce ta gilashi, zagayayya, an zuƙe iskarta an bar ɗan hiliyom kaɗan, tana zaune tsakanin naɗin waya biyu irin na Helmholtz, wato zobba biyu masu fuskantar juna da ke samar da ƙarfin maganaɗisu idan lantarki ya bi ta cikinsu. Don ajin fiziks na saye ta, saboda ɗalibai sun haddace dokar hannun hagu ta Fleming, mai nuna inda maganaɗisu ke tunkuɗa lantarki, amma ba su taɓa ganin abin da take nufi ba.

Idan filamen, wato siririyar wayar da ke cikin kwalbar, ya ɗau zafi aka ba ta kamar bolt 200, sai siririn layi mai launin shuɗi-kore ya miƙe a ciki. Elektron ne, ƙanƙanuwar ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki, ke karo da hiliyom yana haska hanyarsa. Da an saki lantarki a naɗin, layin sai ya fara lanƙwasa har ya haɗe da'ira cif. A nan ne kuɗina ya fita. Kowa na gani da idonsa cewa maganaɗisu ba ya ƙara wa elektron gudu, ba ya rage masa. Daga gefe yake tunkuɗa shi, shi ya sa yake kewaye. Ka ninka lantarkin naɗin, da'irar ta koma rabi. Ka ninka bolt kuwa, ba ta ninkuwa, kusan sau 1.4 kawai take ƙaruwa, kuma wannan ya fi komai jawo gardama a aji. In aka ɗan juya kwalbar, da'irar sai ta warware ta zama murɗaɗɗiya kamar sifirin.

Wajen awo ne take ba ni haushi. Manufar ita ce a fitar da cajin elektron bisa nauyinsa, abin da J.J. Thomson ya auna a Kambirij a 1897, wanda yau aka san ya kai 1.76 × 10¹¹ kulom kan kowane kilogiram. To, ma'aunin yana bayan gilashi, ka ɗan karkata kai karatun ya canza, kuma faɗin da'irar ana ninka shi da kansa a lissafi, don haka kuskuren ma ninkuwa yake. Littafin bayaninta ko tada zancen bai yi ba.

Sai ɗaki ya yi duhu sosai ake ganin layin. A kuma nisantar da lasifika da ƙarfe daga teburin, don nauyin elektron ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, ko maganaɗisun duniya yana ɗan karkata shi.