Bawon albasa ko ragowar tumatir: wanne zai riƙe miki man gyaɗa?

Hajiya, kin ce kina matsar man gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli a Agege, kayan kuma suna canza wari tun ba su ƙare a shago ba. An gaya miki ana ciro maganin hakan daga sharar kasuwa, shi ne kike tambaya wanne ya fi tsakanin bawon albasa da ragowar tumatir na kasuwar Mile 12. Ni dai albasa zan ce, sai dai kowanne da inda yake ciwo.

Abin da ke tsofar da mai iska ce. Oksijin na cin kitsen a hankali, zafi da haske na ƙara masa sauri, har warin nan ya fito. Bawon albasa da ragowar tumatir duka suna ɗauke da sinadarin da ke rage wannan ci.

Na tumatir sunansa laikofin, shi ne jan da kike gani, kuma a fata ya fi taruwa. Yana narkewa a cikin mai, don haka a shanya, a niƙa, a jiƙa a mai mai ɗumi, a tace, an gama. Amma zai rina miki man ya yi ja, mai saye kuma zai rantse kin sirka da manja. Shi kansa laikofin ɗin ba ya jure rana da wuta.

Babbar matsalar ma ba nan take ba. Ragowar da masana ke aiki da ita, fata da 'ya'yan da suka rage ne bayan an matse lafiyayyen tumatir a masana'anta. Irin waɗannan masana'antu galibi can Arewa suke, kamar ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, da Tomato Jos a Kaduna. Abin da za ki samu a Mile 12 kuwa na ƙasan kwando ne, wanda ya fashe bayan tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano a bayan tirela. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne. A Legas, da damina, ina za ki shanya shi ya bushe kafin ya yi funfuna? Wata funfunar kuma tana barin guba da dafuwa ba ta kashewa. Ba zan so wannan ya shiga man da yara za su ci ba.

Bawon albasa da bushewarsa yake sauka daga motocin Aliero da Sakkwato. Ana share shi daga ƙarƙashin buhuna, ba wanda ya damu da shi, kuma zai yi watanni a wuri marar laima bai lalace ba. Sinadarinsa kwasetin, kuma busasshen bawon na waje ya fi naman albasar yawansa nesa ba kusa ba. Aikinki ki tsince duk mai baƙin gari a jiki, domin ita ma funfuna ce, ki wanke ƙasa, ki sake shanyawa.

Wahalarsa wajen cirowa take. Kwasetin ba ya sakin jiki a mai ko a ruwan sanyi. Da etanol, wato sinadarin da ke cikin barasa, da aka gauraya da ruwa ake jawo shi, sannan a bar etanol ɗin ya fice da tururi. Dole ya zama na abinci. Sifirit ɗin kemis akan haɗa shi da metanol, wanda ke makantarwa har ya kashe. Na san wasu za su tsaya a kan batun etanol ta fuskar addini, wannan kam ki tambayi malaminki. Launin da kwasetin yake bari ruwan ƙasa-ƙasa ne, a ƙuli-ƙuli ba mai lura.

Masu zoɓo da ke bin maganar nan, kada ku dogara da ko ɗaya. Abin da ke tsamar da zoɓo ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, maganinsu tsafta, tafasawa da sanyi, ko sinadarin hana lalacewa na sodiyam benzowet daidai awon da NAFDAC ta amince.

Kafin ki zuba komai a kayan sayarwa, ki raba man matsa guda kwalba biyu, ɗaya da abin da kika ciro daga bawon ɗaya babu, ki ajiye su wuri guda. Bayan 'yan makonni ki kai FIIRO, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya a Oshodi, ki nemi gwajin feroksaid, shi ke nuna yadda iska ta ci mai. Idan kayanki na da rajista, ki fara ji daga NAFDAC kafin ki ƙara wani abu a haɗin. Kafin nan, ki bar man ya kwanta ki tace shi sosai kada ɗigon ruwa ya rage, ki cika jarka har wuya, ki daina jera ta a bakin shago inda rana ke dukanta.