FortiGate ko Meraki: ka duba ranar da lasisi zai ƙare

Alhaji, barka da aiki. Tsakanin akwatunan kare rezo (firewall) guda biyu, FortiGate 60F da Meraki MX67, da aka kawo maka farashinsu don biron mutum arba'in ɗin nan, ɗauki FortiGate. Dalilina yana ga abin da kowannensu ke yi ranar da lasisinsa ya ƙare.

FortiGate ko lasisi ya mutu, akwatin na ci gaba da aiki: intanet na wucewa, ƙa'idojin da aka saka masa na nan, VPN, wato killatacciyar hanyar sadarwa tsakanin biron Maradi da na Yamai, bai yankewa. Abin da ka rasa shi ne sabunta maganin ƙwayoyin cutar kwamfuta, da taimakon kamfani, da canjin akwati in ya lalace. Sai dai a lura da matatar shafukan intanet, domin ita sai ta tambayi sabar FortiGuard, ta kamfanin da ke ƙera FortiGate, kafin ta buɗe shafi. In babu lasisi tana iya toshe komai, har sai mai kula da rezo ya cire ta daga ƙa'ida. Aikin minti biyar ne.

Meraki kuwa in lasisi ya ƙare kwana 30 ake ɗaga maka ƙafa, daga nan ya daina wucewa da intanet ɗin ma'aikata gaba ɗaya. Wanda ya san yadda odar lasisi ke tafiya a nan, daga sa hannun darakta zuwa mai sayarwa, zuwa dila na waje, zuwa banki ya tura dala ko yuro, ya san kwana 30 ba komai ba ne. Gaskiya ɗaya, yana da sauƙin sarrafawa daga nesa, kuma in ka ajiye na biyu don ko-ta-kwana lasisi ɗaya ya ishe su. Iyakarsa ke nan.

To, batun oda. Kar ka karɓi takardar farashi mai cewa "FortiGate 60F" kawai, a rubuta maka lambar kaya. FG-60F akwati ne tsirara, babu lasisi ko na kwana ɗaya. FG-60F-BDL-950-12 akwati ne da FortiCare Premium (taimakon kamfani da canjin akwati) da kunshin kariya na UTP na wata 12. In ƙarshen lambar 36 ne, shekara uku ke nan, 60 kuma shekara biyar. Sau da yawa bambancin farashi tsakanin masu sayarwa biyu a nan yake ɓoye, ɗaya ya sa lasisi ɗaya bai sa ba. Ɗauki na wata 36. Lasisin shekara uku ya fi akwatin kansa tsada, kar wannan ya ba ka mamaki, amma ya fi sabuntawa kowace shekara araha da kwanciyar hankali. Ka kuma tambaya ko kuɗin duwan da TVA na kashi 19 cikin 100 suna ciki, kuma a rubuta jimillar da sefa.

Gudun 10 Gbps da za a nuna maka a takarda na akwatin da bai binciken komai ne. Da an kunna kariyar duka, 700 Mbps ne, wanda ya wuce layin da akasarin birori ke da shi a garin nan nesa ba kusa ba. Inda 60F ke da rauni shi ne ƙwaƙwalwa, 2 GB ce kawai, kuma sababbin FortiOS, wato manhajar da ke tafiyar da akwatin, sun cire wa irinsa wasu ayyuka, har da SSL VPN, hanyar shiga rezon biro daga waje. Masu aiki daga gida sai su shiga ta ɗayan nau'in VPN ɗin, IPsec. In aljihu zai ɗauka, hau 70F mai 4 GB.

Ba ka tambaya ba, amma a yi hattara da masu kawo "sabo a kwali" da rabin farashi. Wasu akwatunan an riga an yi musu rijista da sunan wani kamfani a wata ƙasa, ba za ka iya ɗora musu lasisi ba sai mai su na farko ya sake su, kai kuwa ba ka san shi ba. Wasu kuma sun daɗe a shago, alhali agogon lasisin kunshi yana fara gudu da kansa ko ba a buɗe kwalin ba. Kafin ka cika kuɗi, karɓi lambar jikin akwatin, a yi rijista a gabanka a asusun FortiCloud, shafin rijistar kamfanin, da aka buɗe da imel ɗin biro, ba na mai sayarwa ko na yaron da ya zo haɗawa ba, sannan ka ga ranar ƙarewar lasisi da idonka.

Ka sa masa batirin ajiyar wuta saboda ɗauke-ɗauken wuta, kuma kar a kulle shi a kabad. Iyakar zafin da aka yi shi ya jure digiri 40 ne, Afrilun Maradi kuwa yana wuce nan.