Gmail Ya Cika: A Sayi Ƙarin Wuri ko A Yi Shara?

Malam, in Gmail ɗinka ya cika, tsakanin biyan kuɗin Google One, wato ƙarin wurin da Google ke sayarwa, da zama a share akwatin, shara za ka fara yi.

Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ba na Gmail kaɗai ba ne. Da shi da Drive da Photos a kwano ɗaya suke ci, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayar Android, wato kwafin hirarraki da bidiyonka da yake adanawa, ma nan take zubewa. Don haka kafin ka goge saƙo ko ɗaya, shiga one.google.com/storage ka ga wanda ya cinye wurin. Sau da yawa bidiyon biki ne da ake ta turowa a WhatsApp. Cire bidiyo daga ajiyar, ka ga wuri ya samu.

In kuwa Gmail ɗin ne, hau kwamfuta. A gurbin bincike rubuta larger:10M, saƙonni masu nauyi za su fito. Sauke na amfani, ka goge sauran. Sai ka rubuta category:promotions older_than:1y, tallace-tallacen da suka wuce shekara ke nan. Ƙaramin akwatin zaɓi da ke sama saƙonni 50 na shafin kawai yake zaɓa, sai ka danna rubutun da zai bayyana sannan ya kwashe duka. A nan ake yawan kuskure: abin da ka goge yana kwana 30 a Trash, wato kwandon shara, yana cin wuri, sai ka shiga can ka goge shi gaba ɗaya da hannunka. Archive kuma ɓoye saƙo yake yi, ko kaɗan ba ya rage nauyi.

Don kada Inbox ya sake cunkushewa, yi wa alat ɗin banki filta, wato dokar da ke ware saƙo da kanta: ya tsallake Inbox ya tafi lakabin da ka ware masa, ko da yake wannan ma ba ya rage nauyi. A burauza ake yinta, manhajar waya ba ta yi.

Google One mai gigabait 100 yana da amfani ga mai aikin hoto. Amma ranar da katinka ya ƙi biya har rajistar ta ƙare, ka koma 15, in kayanka sun haura haka, sababbin saƙonni su daina shigowa.

Ka yi hattara da masu tallan “Drive marar iyaka” da araha a Facebook. Yawanci asusun wata makaranta ko kamfani ne. Mai kula da shi na iya ganin takardunka, ya rufe ranar da ya ga dama. Saƙon “wurinka ya cika, danna nan” ma kada ka sa lambar katinka a ciki. Rubuta adireshin Google da kanka ka duba.