Ƙaramar hitar da ake sokawa a ramin laita: kafin ka saya, buɗe bonet tukuna

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, za ka fara ganinta rataye a shagunan kayan kwalliyar mota da hannun masu talla a tasha: ƙaramar hita mai kamar tocila, da waya da kan da ake sokawa a ramin laita. A jikin kwalinta an rubuta volt 12, wat 150, wasu ma 200. Masu sayenta yawanci direbobin da ke sammako ne, irin masu ɗaukar ƴan kasuwa daga Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ko masu nufar Wudil ranar Juma'a tun kafin a kira asalatu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, wani daren har ya kusa 10.

Maganar gaskiya, ba za ta ɗumama mota ba, kuma ba wai don jabu ce ba. Lissafi ne ya hana ta. Ramin laita a yawancin motoci yana kan fiyus mai amfiya 10 ko 15 ne. Ka ninka da volt 12, iyakar abin da zai bayar wat 120 zuwa 180 ke nan. Dutsen guga na lantarki yana cin wajen wat 1,000. Ita kuwa hitar da mota ta zo da ita daga kamfani tana iya zuba zafin da ya kai wat 4,000 zuwa 5,000, ba ta kuma taɓa batir sai ɗan abin da fanka ke ci, don zafin injin da za a zubar a iska ne take karkatowa ciki. To me wat 150 zai yi a Sharon mai cike da fasinja da gilashin baya da ba ya rufuwa?

Abin da take iyawa ɗan kaɗan ne. In an kafa ta a kan dashbod tana fuskantar gilashi, za ta share raɓa daidai tafin hannu biyu, ta kuma ɗan gasa yatsun direba. Shi ke nan. Matsalolinta sun fi amfaninta yawa. Wadda aka rubuta wa 200 tana neman amfiya 16 ko fiye, sai ta ƙona fiyus. Daga nan sai a tafi wurin mai wayarin ya sa fiyus mai 30, ko ya naɗe wurin da zaren waya, kuma nan ne hatsarin yake: fiyus ba zai ƙone ba, wayar da ke bayan dashbod ce za ta yi zafi ta narke. Kan da ake sokawa ma roba ce marar kauri. In bai zauna daram ba yakan yi zafi ya lanƙwashe. In kuma motarka irin wadda laitarta ke da wuta ko an kashe inji ce, ka bar ta a kunne kana jiran lodi, batir mai amfiya 60 ba zai kai ka awa biyar ba, kuma tun kafin nan zai kasa tayar da mota, balle da sanyin asuba da batir ke yin rauni.

Abin da ya fi dacewa a tambaya shi ne me ya kashe hitar motar tun farko, don kusan kowace Beljiyam da ita ta shigo ƙasar nan.

Yadda take aiki ba wuya. A ƙarƙashin dashbod akwai ɗan ƙaramin lagireto. Tiyo biyu ne ke ratsa bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja: ɗaya na kai masa ruwan inji mai zafi, ɗaya na mayarwa. Fanka na hura iska ta cikinsa, sai wani murfi a cikin akwatin iskar ya raba hanya, ko ta bi ta zafi ko ta kauce. Saboda haka binciken farko hannu ne kawai. Ka bar inji ya yi zafi har allurar zafi ta zo tsakiya, ka murɗa makunnin hita zuwa ja, ka taɓa tiyon nan biyu a hankali, kana kula da fankar inji da bel.

Sau da yawa ba za ka ma kai ga taɓawa ba. Za ka ga an cire tiyon daga bango an haɗa bakinsu da guntun bututu, wato an zagaye hitar gaba ɗaya. Makanikai kan yi haka in ɗan lagireton ya fara yoyo, don canza shi na nufin sauke dashbod, aikin yini guda. Kada ka ce a mayar kawai. A fara cika shi da ruwa a gwada ko yana riƙewa. Alamun mai yoyo sanannu ne: wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, maiƙo-maiƙo a gilashin gaba da tsumma ba ya gogewa, da jiƙaƙƙen kafet a wajen ƙafar fasinjan gaba.

In tiyon biyu duk ɗumi-ɗumi ne kawai, allura kuma ba ta tashi sai a cunkoso, to tamostat aka cire. Wannan ita ce babbar cutar motocinmu. An yi imani cewa kayan ƙasar sanyi ne, ba ruwanmu da shi, a cire a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota. Alhali aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, a Toyota da yawa yana buɗewa ne a digiri 82, injin kuma ya zauna a wajen 90. In babu shi, ga iskar hunturu na dukan lagireto a buɗaɗɗen titi tsakanin Ringim da Taura, ruwan ba zai taɓa yin zafin da hita za ta samu abin bayarwa ba. Ba sanyi kaɗai za ka sha ba: ƙwaƙwalwar motar na ganin inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara mai. Motar da ke tafasa da tamostat a jikinta, wani abu ne daban ke damunta, toshewar lagireto, ko murfinsa, ko famfon ruwa, ko shi kansa tamostat ɗin ya maƙale. A sayi sabo mai lambar digirin da ya dace da injin, a kula da na gwanjo ko da a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka samo shi. Jefa shi a tafasasshen ruwa zai nuna ko yana buɗewa.

In tiyo ɗaya na ƙuna ɗaya kuma da ƙyar, toshewa ce. Dalilinta ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗura wa lagireto shekara da shekaru: tsatsa da gishirin ruwa su taru, kuma ƙananan hanyoyin hita ne ke fara cikewa. A cire tiyon biyu inji na sanyi, a tura ruwa ta bakin fita ya fito ta bakin shiga, a juya, a maimaita har ja ya daina fitowa. Da tiyon famfo za a yi, ba da injin wankin mota ko iskar falkanaiza ba, don ƙarfinsu na fasa shi. Bayan nan a zuba ruwan kulan na gaske, wato ruwan sanyaya inji. In mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da ruwan da aka tace irin na batir, ba asid ba. A ɓoye ragowar, yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi. Sai a fitar da iska: gaban mota a kan tudu, murfin lagireto a buɗe tun inji na sanyi, hita a ja, a bar shi yana aiki ana ƙara ruwa har kumfa ta ƙare. In kumfar ta ƙi ƙarewa, a duba gasket ɗin kan inji. Murfin lagireto dai ba a buɗe shi da zafi.

In kuwa duka biyun na ƙuna amma iska mai sanyi ke fitowa, matsalar na cikin akwatin iska. Ko wayar makunni ta zame, ko ƙaramin injin da ke juya murfin ya ci haƙora, za ka ji ƙas-ƙas a bayan dashbod. A tsofaffin Golf soson da ke jikin murfin ne ke ruɓewa, har ka ga ɓarɓashinsa na fitowa ta ramukan iska. Iska marar ƙarfi kuma yawanci matatar iska ce ƙura ta toshe. A Corolla da Camry da dama tana bayan akwatin gaban fasinja, minti biyar ya isa a zaro ta, kuma mai bin hanyar birji ya kamata ya duba ta a farkon hunturu da ƙarshensa. Fankar da ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, ɗan resistanta ne, wato abin da ke rage mata gudu, ya ƙone.

Ga wanda tasa ke aiki, ya bar fanka a kashe minti biyar na farko, sannan ya tura iskar ƙafa, ba fuska ba. Iskar hunturu a bushe take, hita na ƙara busar da ita, ido da leɓe ne ke shan wahala. In numfashin fasinja ya rufe gilashi, a kunna AC tare da zafi, a kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, a tura ta gilashi. Maɓallin nan na da amfani in ana bin bayan tirela cikin ƙura, amma in ya daɗe a kunne yana kawo raɓa da gyangyaɗi.

Wani abu da ya fi ƙona waya muni shi ne kaskon gawayi a cikin mota, ko kwana a tasha gilasai a rufe inji na aiki da salansa mai huji. Hayaƙin da ke kisa a nan ba shi da wari ba shi da launi. Ciwon kai da jiri ne farkonsa, mai barci kuma ba zai ji su ba.

Ƙaramar hitar, a ganinmu, ta dace da mutum ɗaya ne kawai: wanda ɗan lagiretonsa ya fashe, bai shirya sauke dashbod ba, yana son ganin hanya da asuba. Shi ma ya ɗauki mai 150, ya tabbatar fiyus ɗin laitarsa mai 15 ne, ya taɓa kanta bayan minti goma ya ji ko ya yi zafi, ya kuma zare ta kafin ya kashe mota.